Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Fastoci Da Dattawan Gundumarmu A Legas Kan Dokar Katin Zakka

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, fastoci da dattawan majalisar gundumarmu ta masu sujada da Hausa a Legas.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna fata kuna lafiya, ku da iyalanku da garken da Allah ya damƙa a hannunku. Yaya aiki, yaya ɗawainiya da mu? Allah ya ƙara muku ƙarfi da hikima, amin.

Ni ɗanku ne, tela a Agege, kuma ɗaya daga cikin masu ƙidayar baiko a wata ƙaramar ikilisiya da ke ƙarƙashinku. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Waɗanda suka ce in rubuta sun haɗa da masu gadin gidaje a Lekki da Ikoyi, da 'yan dako a Mile 12, da direbobin manyan motoci da ke kwana a layin Apapa, da samarin da a da suke acaɓa, da iyayenmu na Zumuntar Mata masu sayar da tumatir da albasa da ƙosai. Yawancinmu daga kudancin Borno, Adamawa, Filato, kudancin Kaduna, Gombe da Taraba muka fito, Hausa ce ta haɗa mu a ɗakin sujada ɗaya. Mun kai kukanmu ta hannun dattawan ikilisiya, aka ce mana majalisa ta riga ta yanke. Shi ya sa muka fito fili, domin da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa suna bakin aiki ranar Lahadi, a waya kaɗai za su ga wannan magana.

Abin da ya ta da mu shi ne sanarwar da aka karanta mana daga bagade, cewa daga yanzu duk memban da katin zakkarsa bai cika ba, wato katin da ake sa masa hannu duk wata in ya kawo ushirin abin da ya samu, ikilisiya ba za ta ɗaura masa aure ba, ba za ta ba shi takardar shaida ba, ba kuma za ta sa hannu cikin hidimar jana'izarsa ko ta iyalinsa da kuɗin asusu ba.

Kafin kowa ya ce 'yan tawaye ne suka taru, bari mu faɗi matsayinmu. Mun gaskata da zakka. Mun san Ibrahim ya ba Malkisadik ushirin ganima, mun san wa'adin Yakubu a Betel. Iyayenmu a ƙauye ba su san albashi ba, amma dami na goma na dawa ba ya shiga rumbunsu, a ƙofar majami'a ake sauke shi. Da irin wannan hatsi da 'yan kaji da awaki aka gina ɗakunan sujadar da aka yi mana baftisma a cikinsu. Mun kuma san hayar wurin sujada a Legas ba wasa ba ce, janareta ba ya shan ruwa, fasto ma yana da ciki da 'ya'ya a makaranta, kuma Manzo Bulus ya ce masu shelar bishara su ci abinci ta hanyar bishara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kukanmu na farko shi ne abin da dokar nan ta riga ta jawo. Ba da daɗewa ba wani ɗan'uwa mai gadi ya rasu bayan gajeriyar jinya. Mutum ne da ba ya fashin addu'ar asuba in yana hutu, shi ke share harabar majami'a ranar Asabar ba tare da an sa shi ba. Matarsa da ƙaninsa suka zo neman taimako a kai gawa gida. Kun san yadda abin yake a nan: ɗakin ajiye gawa kullum sai an biya, motar da za ta kai mutum kudancin Borno kuwa kuɗinta ya fi albashin mai gadi na watanni. Tambayar farko da aka yi wa matar, tana zaune a benci da ɗan goyo a bayanta, ita ce ina katinsa. Ta kwance bakin zaninta ta fito da shi, ya sha ninki har ya kusa rabuwa biyu. Sakatare ya duba, ya ga gurabe da yawa babu sa hannu, ya ce sai dai haƙuri, doka ce daga sama. Shi kansa sakataren bai iya ɗaga ido ya dube ta ba. A ƙarshe ƙungiyar 'yan garinsu ce ta yi karo-karo, abokan aikinsa na layin da yake gadi suka cika sauran, a cikinsu har da Musulmi da Yarabawa. Ba wanda ya tambaye ta kati. Tun daga ranar matar ba ta sake taka ƙofar majami'a ba, mu kuma ba mu da bakin da za mu je mu kira ta.

Daga baya muka ji dalilin guraben nan. Marigayin gida yake aika zakkarsa, ga ikilisiyar ƙauyensu da aka ƙone. Ba shi kaɗai ke yin haka ba. Ba mu manta da 2014 ba, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu, Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a watan Agusta, Michika ta biyo baya, Mubi kuma a watan Oktoba. Rabin fuskokin da kuke gani a bencinmu wannan guguwa ce ta kawo su Legas. Akwai majami'un da har yau a ƙarƙashin kwano marar bango ake sujada, akwai masu bishara a can da ba su da abin dogaro sai ɗan abin da 'ya'yan gari ke turowa daga kudu. Wanda ya raba zakkarsa ya tura rabi can, wa ya cuta? Katin ba shi da gurbin da za a rubuta wannan. A idon doka, mutumin ya yi wa Allah fashi.

Na biyu, katin nan an tsara shi ne domin mai albashi. Gurabe goma sha biyu ne, wata-wata, kamar kowa na jiran ƙarshen wata ya ji ƙarar saƙon banki. Mu nawa ne haka? Tun ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba kuma ta ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Baburan da aka kama niƙe su aka yi. Samarinmu da yawa a bashi suka karɓi baburan nan, suka wayi gari ba babur, ga bashi. Ba su gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta kai 1,000. A 2024 gwamnatin jiha ta sanar da mafi ƙarancin albashi na naira 85,000, amma wannan na ma'aikatanta ne. Mai gadin gidan wani attajiri abin da maigida ya ga dama yake karɓa, wani lokaci sai wata ya shiga wata.

Ku ɗauki mai sayar da tumatir. Yau ta sari kwando ta ci riba, gobe mota ta makara a hanya kaya ya ruɓe, uwar kuɗin ma ta tafi. Zakkar me za ta fitar a watan da ta faɗi? Ba wanda ya taɓa zama da iyayenmu mata ya koya musu bambancin jari da riba a wannan batu. Wasu saboda tsoro daga jarin suke cirewa, kasuwar tana ƙanƙancewa suna cewa gwaji ne. Bulus kuwa a 2 Korantiyawa 8:12 ya ce ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum ke da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ni da nake zama a teburin ƙidaya bayan an tashi sujada, ina ganin abin da majalisa ba ta gani. Idan muka juye jakar baiko, yawanci 'yan naira 50 da 100 da 200 ne ke zubowa, a dunƙule, wasu da danshin gumi, wasu da warin albasa ko man gyaɗa, sai mun bi su ɗaya-ɗaya muna warwarewa a kan gwiwa. Akwai ambulan da ke zuwa ba suna, an rubuta "na gode Yesu" kawai da rubutun wanda bai yi nisa a makaranta ba. Tun da aka kafa dokar kati irin wannan ambulan ta ragu, domin kowa ya gane abin da ba a rubuta da sunansa ba, ba zai amfane shi ranar jana'iza ba. Ubangiji ya ce kada hagunka ta san abin da damanka ke yi. Mu kuma mun koya wa mutane su nemi rasit. Bayarwa ta tashi daga sujada ta koma kamar tikitin da 'yan kamasho ke yanka wa direba a tasha: ba don yana so ba, sai don kada a tare masa hanya.

Na uku shi ne irin wa'azin da ke raka dokar. Da wuya wata ya wuce ba a buɗe mana Malakai 3:8-10 ba, inda aka ce hana zakka yi wa Allah fashi ne, kuma kullum a kan la'ana ake tsayawa. Yaro ya yi zazzaɓi, a ce duba katinka. An kori mutum daga aiki, a ce mai cinyewar da Malakai ya ambata ne ya shigo. Mun san wata 'yar'uwa da ta ci bashi a manhajar bashi ta waya don ta cike gurabenta kafin bikin 'yarta. Da ta kasa biya a kan lokaci, masu bashin suka bi lambobin da ke wayarta suna tura saƙon cin mutunci, har da lambar matar fasto.

Iyayenmu, ku kuka je makarantar tauhidi, ba mu ba, amma Littafin yana hannunmu da Hausa tun 1932, muna kuma karantawa. Gaskiya ne Malakai ya tsawata wa al'umma duka a kan zakka, ba mu musa ba. Sai dai annabin ya fara ne da firistoci, daga 1:6 har zuwa 2:9 a kansu yake magana. Kuma ayoyi uku kacal kafin maganar fashi, a 3:5, Allah ya ce zai yi shaida a kan masu danne hakkin ma'aikaci, da masu zaluntar gwauruwa da maraya, da masu juya wa baƙo baya. Ba mu taɓa jin an haɗa ayar nan da ta 8 a wa'azi ɗaya ba. Haka nan Maimaitawar Shari'a 14:28-29, inda aka ce a ƙarshen kowace shekara uku a tara ushirin amfanin gona a cikin gari, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Ashe tun a Dokar Musa gwauruwa mai cin zakka ce, ba wadda ake bi bashinta ba. Baƙo kuwa, in ana neman baƙo a Legas, ai mu ne.

Ko labarin gwauruwa mai anini biyu da ake yawan kafa mana hujja da shi, a Markus 12, yana da kyau a karanta daga aya ta 38. Kafin Yesu ya zauna yana kallon masu zuba kuɗi, sai da ya gargaɗi jama'a game da malaman Attaura masu cin kayan gwauraye suna doguwar addu'a. Ya yaba wa matar, haka ne. Bai yaba wa waɗanda suka bar ta da anini biyu ba.

A nan kusa da mu ma an ga abin koyi. A watan Oktoban 2024 Fasto Enoch Adeboye, shugaban ikilisiyar Redeemed (RCCG), ya tsaya a gaban taron matasa ya nemi gafara a kan maganar da ya taɓa yi cewa wanda ba ya ba da zakka ba zai shiga sama ba, ya ce babu wannan a Littafi Mai Tsarki. Bai ce a daina bayarwa ba, hasali ma ƙarfafa ta ya yi. Amma ya janye abin da ya wuce Nassi, girmansa kuma bai ragu ba. In babba irinsa ya iya, majalisar gunduma ma za ta iya.

Na huɗu ba zan daɗe a kansa ba, domin kowa ya san shi. Baiko ya yi yawa. Bayan zakka akwai baikon sujada, na gini, na godiya, na bishara, na makon mata, na makon matasa, na mawaƙa, ga gudummawar taron gunduma, ga ƙaddamarwa da ake gayyato manyan baƙi a kira adadi a lasifika ana tafi. Wanda ya ba da dubu ɗari a kai shi kujerar gaba, wanda ya ba da ɗari biyu ya lallaɓa ya koma bayan ginshiƙi. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta riga ta yi magana a kan mai zoben zinariya da matalauci, ba sai mun ƙara ba. Sakamakon dai shi ne samari sun koyi lissafi: Lahadin da aljihu ba nauyi sai su kwanta a ɗaki su ce suna aiki.

Na biyar, kuma shi ne ya fi yi mana nauyin faɗa, batun lissafin kuɗi. Mu masu ƙidaya mun san abin da ya shigo ranar Lahadi, muna sa hannu. Daga nan ba mu sake jin labari. Rahoton shekara, in an karanta shi, a gurguje ake yi ana dab da albarka, adadi a dunƙule, ba takarda a hannun kowa. Wanda ya ɗaga hannu ya yi tambaya sai a ce masa kuɗin Allah ne, ka bayar ka bar wa Allah. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da tura zakka ta waya, kuma a wasu ikilisiyoyinmu lambar asusun da ake liƙawa a bango da sunan mutum take, ba da sunan ikilisiya ba. Ba mu ce wani ya ci ko kwabo ba. Muna cewa an bar bayin Allah a inda zargi zai same su, ba su kuma da abin kare kansu.

Bulus manzo ne, ba wanda ya isa ya tuhume shi, amma da ya tara gudummawa domin tsarkakan Urushalima bai ɗauki jakar shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da ɗan'uwan da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, ya kuma faɗi dalili a 2 Korantiyawa 8:20-21: kada kowa ya sami abin zargi, domin suna so su yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane kuma. Nehemiya ma da ya dawo ya tarar Lawiyawa sun watse zuwa gonakinsu saboda ba a ba su rabonsu, shugabanni ya fara tuhuma, sannan ya naɗa amintattun mutane huɗu a kan ɗakunan ajiya. Wannan labari ya yi kama da namu ƙwarai. Muna da masu bishara a ƙananan rassa na bayan gari, wajen Ikorodu da Badagry, da ke yin watanni ba alawus, wasu sai sun ja Keke Napep da dare kafin a ɗora tukunya a gidansu, alhali kason da ake turawa gunduma ba ya makara ko sau ɗaya. In an matsa wa mai gadi ya cika kati saboda bayin Allah su ci abinci, ya kamata a ga abincin ya isa bakinsu.

Saboda haka muna roƙonku, da ladabi irin na 'ya'ya a gaban iyaye.

Ku janye dokar katin nan, ku kuma sanar da janyewar daga bagaden da aka karanta ta. Aure da jana'iza da ziyarar marar lafiya hakkin memba ne saboda baftismarsa da zamansa cikin jikin Almasihu. Wanda yake son riƙe kati don ya tsara bayarwarsa, a bar shi ya riƙe, amma kada sakatare ya sake tambayar mai makoki takarda. Muna kuma roƙo majalisa ta tura dattawa da shugabannin Zumuntar Mata su je gidan gwauruwar da muka ambata, da duk wanda aka mayar a ƙofa saboda wannan doka, su ba su haƙuri da sunan ikilisiya.

Ku ware kaso sananne daga zakka domin gwauraye, marayu, marasa lafiya da kai gawa gida, a faɗa wa jama'a ko kashi nawa ne, a kuma damƙa shi ga kwamitin da membobi suka zaɓa, da mata a cikinsa. Manzanni da kansu haka suka yi a Ayyukan Manzanni sura 6 sa'ad da aka yi gunaguni a kan rabon gwauraye: suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai.

Kowane asusun ikilisiya ya koma da sunan ikilisiya, da masu sa hannu aƙalla uku, kada fasto ko iyalinsa su zama su kaɗai ke da iko da shi. A riƙa liƙa rahoton shiga da fita a allon sanarwa duk bayan wata uku, da Hausa, dalla-dalla, har da abin da aka tura gunduma da abin da gunduma ta yi da shi. Muna da 'ya'ya da suka karanta aikin akanta, za su duba littattafan kyauta in an ba su dama. A kuma fara biyan masu bishara na rassa kafin a taɓa maganar sabuwar mota ko fentin ofis.

A rage yawan baiko a sujada ɗaya, a daina kiran suna da adadi a lasifika. Sannan a shirya koyarwa ta gaske a kan bayarwa, ba ta tsoratarwa ba: yadda ɗan kasuwa zai gane ribarsa, yadda mai aikin yini zai riƙa ware nasa a ranar farko ta mako kamar yadda 1 Korantiyawa 16:2 ta nuna, da matsayin wanda ke ciyar da tsofaffin iyaye a sansanin gudun hijira. A faɗa wa jama'a a fili cewa ba a cin bashi don a ba da zakka, kuma wanda ya aika tasa ga ikilisiyar gida bai yi laifi ba.

A ƙarshe muna neman ku ba mu zama kafin taron majalisa mai zuwa. Za mu turo wakilai daga masu gadi, 'yan kasuwa, matasa da Zumuntar Mata. Muna roƙo a sa zaman ranar Asabar da yamma, a kuma sanar da mako biyu kafin lokaci, domin masu gadi sai sun nemi wanda zai riƙe musu ƙofa.

Allah ya ba ku hikimar shugabanci, ya kiyaye ku da iyalanku.

Naku cikin Almasihu,
Ɗanku mai ƙidayar baiko, a madadin 'yan'uwa,
Agege, Legas.